Me ya sa farin beyar ba ya yaɗuwa a gidajen zu?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna batun farin beyar ɗin nan na ƙasashen ƙanƙara da ake ajiyewa a gidajen zu. Na daji an ƙiyasta su kusan 26,000, waɗanda ke hannun mutane kuwa a duk duniya kusan 300 ne. A Amurka raguwa suke yi, yanzu ba su kai 50 ba, tsofaffi na mutuwa, jarirai ba sa cike gurbi. Dabba ce da ake ba ta abinci a kan kari, ga likita, ga ruwan sanyi, tana kuma daɗewa: wata mai suna Debby a Winnipeg ta Kanada ta haura shekara 40 kafin ta mutu a 2008, alhali a daji da wuya su wuce 25. To ina gizo ke saƙar? Dakta da Malam Na-Kundi, a taimaka mana.

Likitar Dabbobi:
Wa'alaikumus salam Baban Sadik. A fara da jikin macen, don rabin matsalar a nan take. Barbara tsakanin Maris da Yuni ake yin ta, kuma macen ba ta sakin ƙwai sai namiji ya hau ta, ba sau ɗaya ba, kwana da kwanaki. Idan ƙwan ya haɗu da maniyyi, ba ya manne wa mahaifa nan take. Zai ɗan rarrabu, sai ya tsaya cak, ya zauna haka wata huɗu ko biyar. Sai wajen Satumba zuwa Oktoba, idan macen ta tara kitse isasshe, sannan ya manne. Daga nan girman ɗan tayin kusan kwana 60 ne kacal, ta haihu a Nuwamba ko Disamba. Daga barbara zuwa haihuwa yana kamawa daga kwana 195 zuwa 265, shi ya sa sanin ranar barbara ba ya ba ka ranar haihuwa.

Abin da ya fi wahalar da ma'aikata shi ne cikin ƙarya. Sinadarin furojestaron, wanda ke riƙe ciki, yana hawa a jikin mai ciki da marar ciki kusan iri ɗaya. Dukansu za su yi ƙiba, su rage cin abinci, su riƙa jan ciyawa suna shimfiɗa. Gwajin kashi ba ya rarrabe su. Sikanin kuma yakan buƙaci allurar barci, ga ɗan tayin ƙanƙane ƙarƙashin kitsen da kaurinsa kan kai santimita 10, kuma babu likitan da ke son ya kwantar da dabba mai ciki don kawai ya leƙa. Saboda haka duk macen da aka ga an yi mata barbara, mai ciki ake ɗaukar ta, a keɓe ta a ɗakin haihuwa. Da yawansu Janairu zai zo su fito ba ko ɗa, an yi asarar shekara guda.

Maman Ilham:
Dakta, shi ya sa ma cibiyar bincike ta gidan zu na Cincinnati ta daɗe tana karɓar kashin waɗannan dabbobi daga gidajen zu daban-daban tana aunawa. A 2013 har kare suka sa aka horar, mai suna Elvis, ya riƙa shinshina kashin don ya nuna na mai ciki. Su ne kuma suka fara gwada ɗura maniyyi da hannu a 2012, a gidan zu na Seneca Park da ke Rochester, amma ba a samu ɗa ba. Wahalar ita ce sai ka fara sa macen ta saki ƙwai da allura tunda babu namijin da zai tayar da shi, sannan ka dace da lokacin, sannan ka jira wata shida ba ka san ko ya kama ba.

Malam Na-Kundi:
Abin da Dakta da Hajiya suka faɗa haka yake, amma dabbar nan a Rasha da Jamus da Holan tana haihuwa, jikin kuma ɗaya ne. Raguwar Amurka da hannun mutum a ciki, ta fuska biyu.

A shekarun 1990 gani aka yi sun yi yawa, babu wurin ajiye 'ya'yan. Sai aka dandaƙe wasu mazan, aka sa wa mata ashanar hana ɗaukar ciki a ƙarƙashin fata. Namijin da aka dandaƙe ya fita daga lissafi har abada. Matan kuma da aka zo nema daga baya, wasu ba su koma haihuwa ba ko bayan ƙarfin maganin ya ƙare, wasu kuma shekaru sun riga sun ja. Mace tana fara haihuwa wajen shekara 5, idan ta wuce 20 abin ya fara ja baya. Ɗa yana zama da uwa shekara biyu zuwa biyu da rabi, wato haihuwa ɗaya a shekara uku. Ka hana ta shekara shida ko bakwai a tsakiyar ƙuruciyarta, ka cinye mata kusan rabin abin da za ta iya bayarwa.

Sai doka. A watan Mayu na 2008 Amurka ta sa farin beyar a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. Wannan ya ja shi ƙarƙashin wani sashe na dokar kare dabbobin teku ta 1972, wanda ya rufe ƙofar shigo da shi daga waje don nunawa. Ga marayu a Kanada, ga gidajen zu a Amurka da ke neman sabon jini, amma iyaka ta raba su. Marayun Alaska ma, irin su Qannik da aka tsinta a 2011 da Kali a 2013, mallakar hukumar gwamnati ne, an daɗe ba a ba da izinin haɗa su da kowa ba.

Baban Sadik:
Malam, ɗan yi mana bayanin yadda ake zaɓen wanda za a haɗa da wa. Gidan zu ne ke yanke hukunci ko wata hukuma?

Malam Na-Kundi:
Ba gidan zu ba ne shi kaɗai. Akwai kundin asali na duniya, gidan zu na Rostock a Jamus ke riƙe da shi tun 1980. Kowane beyar yana da lamba, da sunan uwa da uba, da ranar haihuwa, da duk inda aka taɓa kai shi. A Turai shirin kiwo na haɗin gwiwar gidajen zu, wato EEP, ke ba da shawarar haɗi, a Arewacin Amurka kuma takwaransa SSP ne ya daɗe yana yin haka. Ana sa bayanan a manhaja, ta lissafa wa kowace dabba yawan dangantakarta da sauran baki ɗaya. Wanda danginsa suka yi kaɗan a cikin garken shi ne mai daraja, shi ake sa wa gaba. Wanda kakansa ya cika gidajen zu da jikoki sai ya jira, ko da lafiyarsa ta fi ta kowa. Burin da aka saba sa wa irin wannan shiri shi ne a riƙe kashi 90 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado har shekara 100. Makiyayi ma ya san wannan, shi ya sa ba ya barin bijimi ɗaya ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa.

Sai dai lissafin duka a kan takarda ya tsaya, kuma takarda na iya yin ƙarya. A Tierpark na Berlin an haifi wata mai suna Hertha ranar 1 ga Disamba 2018, uwarta Tonja, ubanta Wolodja, dukansu haihuwar Mosko. A takarda babu abin da ya haɗa su. A 2021 gwajin ƙwayoyin gado ya nuna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. An musanya takardun Tonja da na wata tun a Mosko, ba wanda ya lura. Ɗan da wa da ƙanwa suka haifa, ma'aunin haɗuwar jininsa 0.25 ne, abin da shirin gaba ɗaya aka kafa shi don guje wa. Kuma kafin Hertha waɗannan biyun sun haifi Fritz a 2016, ya mutu yana wata huɗu. Ban ce dangantakar ce ta kashe shi ba, amma shekaru aka yi ana haɗa su da amincewar kowa.

Maman Ilham:
Ba asali kaɗai ba, har jinsi ana kuskurewa. A Kushiro ta Japan an kawo wani mai suna Tsuyoshi a matsayin namiji, aka ajiye shi da mace ana jiran barbara, sai a 2008 aka gane shi ma mace ce. Gashin ya yi yawa, kuma tun yana jariri aka duba aka rubuta, ba a sake dubawa ba. A Osnabrück ta Jamus kuma an haɗa farin beyar da ja a fili ɗaya bisa zaton ba za su yi barbara ba, a 2004 aka haifi ruwa biyu, Tips da Taps. Su kuwa ba su da gurbi a kowane kundi.

Ma'aikacin Zu:
Salamu alaikum. Ku bar ni in shigo ta wajen aikin hannu, don ko lissafi ya yi daidai, nan ne ake rasa 'ya'yan.

Haɗa namiji da mace kansa haɗari ne. Namiji kilo 400 zuwa 600, mace 200 zuwa 300. Ba a buɗe ƙofa haka kawai. Ana fara musanya musu shimfiɗa su saba da warin juna, sannan a bar su su gaisa ta ƙofar raga na kwanaki. Idan macen na zuwa ragar da kanta, tana kwanciya kusa, tana yin wannan hucin mai taushi, to alama ta yi kyau. Idan tana guje wa wurin ko tana ruri da kai a ƙasa, a dakata. Ranar haɗawa a kulle duk lungun da za a iya ritsa ta, a bar hanya mai zagaye, a tanadi mesar ruwa mai ƙarfi da tukunyar kashe gobara, likita na tsaye da bindigar allura. Duk da haka akan yi rashi. A Detroit a Fabrairun 2021 namiji mai suna Nuka ya kashe Anana wajen barbara, alhali sun zauna tare a baya lafiya.

Sai ɗakin haihuwa. A daji rami take tonawa a cikin dusar ƙanƙara, kusan mita 2 a tsawo, 1.5 a faɗi, 1 a bisa. Matsattse, duhu, shiru. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ba ta babban ɗaki mai haske kusa da wurin da ake wanke kejina. Abin da ake yi yanzu: tun daga Yuli a ƙara mata abinci mai kitse ta yi ƙiba, don a daji mai ciki kan ƙara kilo 200, ta kuma yi wata takwas ba ci a yankin Hudson Bay na Kanada. A buɗe mata ɗakin tun Satumba ta saba da shi. A zuba bambaro da yawa ta shirya da kanta. A kai namijin inda ba za ta ji warinsa ba. A sa kyamara mai gani a duhu da makirfo tun kafin ta shiga, don bayan ta shiga babu mai taɓa komai. A tsayar da gini da wucewar mota a kusa. Ruwan sha ya riƙa zuwa ta famfo daga waje.

Jaririn kusan giram 600 ne, tsawonsa santimita 30, ido a rufe har wata guda, gashin bai isa ya riƙe masa ɗumi ba. Uwar na rungume shi a ƙirji tana hura masa numfashi. Idan yana shan nono yana yin wani gurnani mai kaɗawa, makirfon na ɗauka, da shi ake sanin nono na zuwa. Kukan da ba ya tsayawa, uwar na fita tana barin sa minti da yawa, wannan shi ne alamar matsala. Kusan rabin waɗanda ake haifa a gidajen zu ba sa cika wata ɗaya. Wasu uwar ta danne su, wasu nonon bai zo ba, wasu ta watsar, wasu ta cinye, kuma an fi ganin haka ga mai haihuwar fari da wadda aka dama.

Baban Sadik:
To idan ta watsar, ai sai a ɗauke a raina da hannu kamar yadda aka yi wa Knut, ɗan beyar ɗin nan na gidan zu na Berlin.

Likitar Dabbobi:
Ana yi, amma ba abu ne mai sauƙi ba, kuma sai an rasa yadda za a yi. Nonon uwar kusan kashi 31 cikin 100 kitse ne. Abin da ake haɗawa madarar 'yan kwikwiyo ce ta gwangwani a ƙara mata mai da sinadaran ƙashi. A sa jaririn a kwalba, a ba shi duk bayan awa biyu zuwa uku dare da rana, yana kwance rub da ciki. Idan aka kwantar da shi rigingine ko ramin bulumbotin ya yi faɗi, madara ta shiga huhu, ciwon huhu ya kashe shi cikin kwanaki. Bayan kowane shan madara sai an shafa masa ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, in ba haka ba ba zai yi fitsari ko kashi ba. Idan bai samu dakashi ba, garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi. Idan kuma haɗin madarar bai daidaita ba, ƙashi ya yi laushi: Nora da aka haifa a Columbus a 2015 ta yi fama da wannan.

Ko ya rayu, da saura. Wanda ya tashi a hannun mutum bai san yaren 'yan'uwansa ba. Shi ya sa a Detroit suka haɗa Laerke, wadda aka raina da hannu, da wani marayan jan beyar mai suna Jebbie, su yi kokawa ta koyi zama da irinta. Knut kuwa, an haife shi a Berlin ranar 5 ga Disamba 2006, ɗan'uwan tagwaicinsa ya mutu bayan kwana huɗu, shi kuma ya mutu a Maris 2011 yana shekara huɗu, bai bar baya ba. Ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da shi cikin ruwa, irin wanda garkuwar jiki ke far wa ƙwaƙwalwa, sai a 2015 aka tabbatar da hakan. Ba rainon hannu ba ne ya jawo shi, a yi wa mai rainonsa Thomas Dörflein adalci.

Injiniya Ɗan Agadas:
Ku gafarce ni malamaina, ni tambayata tana gaba da duk wannan. Don me ake son su yaɗu? Babu farin beyar ɗin da aka haifa a gidan zu aka sake shi ya koma daji ya rayu. Ɗan yana koyon farautar sil, dabbar ruwan da suke ci, a kan ƙanƙarar teku ne daga uwarsa cikin shekara biyu, ba a koyar da wannan a bayan gilashi. Abin da ke kashe na dajin kuma narkewar ƙanƙara ne, ba ƙarancin haihuwa ba. Wani bincike daga Oxford a 2003 ya nuna dabbobin da suka fi yawo mai nisa a daji su suka fi safa da marwa a keji, su suka fi rasa jarirai, kuma farin beyar na kan gaba. Filin da ake ba shi ɗaya cikin miliyan ne na inda yake yawo. Mu faɗi gaskiya, jariri fari yana kawo kuɗin tikiti. A kan Knut har shari'a aka yi tsakanin Berlin da gidan zu na Neumünster mai uban, aka sasanta a kan Yuro 430,000 a 2009. Johannesburg ta yi daidai da ba ta nemi wani ba bayan mutuwar Wang a 2014, na ƙarshe a Afirka. Singapur ma haka bayan Inuka a 2018.

Malam Na-Kundi:
Injiniya, maganar sakewa daji gaskiyarka ce, duk wanda ya ce kiwon nan zai cike gurbin na daji yaudarar kansa yake yi. Maganar ƙasashe masu zafi ma ina tare da kai. Inda na saɓa maka shi ne a ce ba su da amfani. Akwai abin da ba ya aunuwa a kan dabbar daji. Tasul a gidan zu na Oregon an koya mata miƙa ƙafa a ɗebi jini ba tare da allurar barci ba, ta kuma sa abin wuya mai auna motsi, aka riƙa kwatanta abin da na'urar ta rubuta da abin da ido ya gani: wannan tafiya ce, wannan iyo ne, wannan barci ne. Da wannan ake fassara bayanan da ke zuwa daga wuyan na daji. A San Diego an sa Tatqiq tafiya a kan injin tafiya don a san ƙarfin da take ƙonawa a kowane taki, an kuma auna jinsu don a san nisan da ya kamata aikin haƙar mai ya yi da ramin mai jego. Idan za a ajiye su don wannan, dole a samu masu maye gurbi, in ba haka ba a koma kamowa daga daji.

Injiniya Ɗan Agadas:
To Malam, nawa ake buƙata don binciken? Ai ba 300 ba.

Ma'aikacin Zu:
Wannan tambayar da nauyi, kuma wuri ne ke amsa ta. Dokar lardin Manitoba na Kanada ta 2002, wadda duk mai son maraya daga can sai ya cika ta, ta ce murabba'in mita 500 ga biyu, a ƙara 150 ga kowane na gaba, da tafki, da wuri mai ƙasa mai laushi ba siminti kaɗai ba. Gidajen zu da yawa da suka ga kuɗin sai suka daina ajiyewa gaba ɗaya. Mai son haihuwa kuma fili ɗaya ba ya isar sa: na uwa da ɗa daban, na namiji daban, har shekara biyu. Kuma kafin a haɗa, a san inda za a kai ɗan idan an yaye shi. Rabin abin da ake haifa maza ne, namiji ɗaya kuma ya ishi mata da yawa. Shi ya sa Yorkshire a Ingila ta buɗe fili mai eka 10 a 2014 tana tara maza. Can aka kai Hamish, wanda aka haifa a Sikotilan a Disambar 2017, na farko a Birtaniya cikin shekara 25. Maza suna zama tare lafiya muddin babu warin mace kusa kuma fili ya wadata.

Likitar Dabbobi:
In ƙara abu ɗaya da ke rage manyan tun kafin su gama haihuwa, wato abinci. An daɗe ana ciyar da su kamar zaki, tsoka zalla. Alhali a daji kitsen sil suke ci su bar naman. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna idan aka ba su zaɓi, kitse kashi biyu suke ɗauka, furotin kashi ɗaya, kuma ciwon ƙoda da na hanta na cikin manyan abin da ke kashe su a gidajen zu. Gyaran shi ne a rage tsoka, a ƙara kitse da man kifi, a kuma bar nauyinsu ya riƙa hawa da sauka da lokacin shekara maimakon awo ɗaya kullum. Sai cututtukan maƙwabta: a Wuppertal a 2010 ƙwayar cutar da asalinta ta jakin dawa ce ta kashe wata mai suna Jerka, ta kuma kwantar da Lars, uban Knut. A daji waɗannan dabbobi biyu ba za su taɓa haɗuwa ba.

Maman Ilham:
Malam Na-Kundi, bayan abin da ya faru da Tonja, me ya hana a gwada kowa da kowa? Dabba 300 ai ba yawa.

Malam Na-Kundi:
Abin da ya kamata ke nan Hajiya, kuma ba sai an kwantar da dabba ba, gashi mai saiwa ko yawu ya isa, ko jinin da ake ɗiba wajen duba lafiya. A fara da waɗanda aka shirya haɗawa a lokacin barbara mai zuwa, da duk wanda ya fito daga gidan da aka haifi 'ya'ya fiye da ɗaya a wata guda, don a nan ake musanya takarda. Sai marayun daji, da kundi ke ɗauka ba su da dangantaka da kowa alhali biyu na iya fitowa daga yanki ɗaya, uba ɗaya. A sa wa kowane jariri ƙwayar lamba a ƙarƙashin fata ranar duba lafiyarsa ta farko, a sake duba jinsinsa kafin a sa shi a akwatin tafiya, gidan da ya karɓa kuma ya karanta lambar ya kwatanta da takarda kafin ya sa hannu.